ƘANANAN ƘWAYOYIN DA KE TACE MAGANIN CIWON SUKARI

Tun daga shekarar 1922 likitoci suka fara yi wa masu ciwon sukari allurar insulin, wadda a wancan zamani ake tatsowa daga wata gaɓa ta cikin shanu da aladu mai suna fankiriyas. Maganin ya ceci rayuka ba iyaka, amma bai rasa dauɗa ba. Wasu marasa lafiya kan yi fama da ƙaiƙayi da kumburi, wasu kuma naman wurin da ake sokar allurar ya lotsa. A shekarar 1967 Donald Steiner na Jami'ar Shikago ya gano furo'insulin, wato uwar da insulin ke fitowa daga cikinta, daga baya kuma aka tarar tana cikin abubuwan da ke gurɓata maganin.

Raba su kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, domin duka biyun furotin ne masu kama da juna. Dabarar da ta warware matsalar ita ce wadda masana ke kira kuromatogirafi. Akan cika dogon bututu da ƙwayoyi ƙanana kamar tsaki, a zuba ruwan magani daga sama, sa'an nan kowane sinadari ya gangaro da irin saurinsa.

Ƙwayoyin nan su ne ƙashin bayan aikin. A shekarar 1959 Jerker Porath da Per Flodin, a birnin Upsala na ƙasar Suwidin, suka bayyana wasu da aka yi da dekstaran, wani sinadari mai doguwar sarƙa da ƙwayoyin bakteriya ke samarwa daga sukari. Kamfanin Pharmacia ya sayar da su da sunan Sephadex. Kowace ƙwaya cike take da ƙananan ramuka. Ƙaramin furotin yakan shiga ramukan ya ɓata lokaci, babba kuwa da ba ya iya shiga sai ya bi ta gefe ya riga fita. Wato akasin rariya ke nan, inda laushi ke wucewa, tsaki ya tsaya. Da wannan hanya, haɗe da wata mai raba furotin bisa cajin lantarkinsu, kamfanin Novo na Denmak ya fito da tsarkakakken insulin a 1973.

To, sai dai Sephadex yana da taushi. In aka matsa ruwa da ƙarfi domin a yi sauri, ƙwayoyin sukan danne, bututu ya toshe. Masana suka koma ga silika, sinadarin yashi, mai jure matsi da raba abubuwa dalla-dalla. Ita ma tana da nata aibin, domin takan narke a ruwan soda mai ƙuna, alhali da wannan soda ne masana'antu ke wanke bututu su kashe ƙwayoyin cuta kafin a zuba sabon magani.

Saboda haka aka ƙera ƙwayoyin roba na folistairin waɗanda aka ɗaure sarƙoƙinsu da juna har suka yi tauri. Waɗannan ba ruwansu da soda ko asid, ana wanke su a maimaita amfani da su sau da yawa. Ko da yake haka ne, ba su kori silika daga fage ba. Wajen raba guntayen furotin da ake kira feftaid, waɗanda bambancinsu bai taka kara ya karya ba, sau da yawa silika ce gwana.

Tun daga 1982 aka fara sayar da insulin irin na ɗan Adam da bakteriya ke samarwa, amma shi ma sai ya ratsa irin waɗannan bututai kafin a ɗura shi a kwalba.