Ciwon Ƙugu a Makoda: Abin da Alƙaluma Ke Faɗi Kan Matsar Ƙashin Baya

Lokacin noman farko, ka tsaya bakin gona a Koguna ko wani ƙauye na Makoda da hantsi, za ka ga abin da alƙaluman nan ke magana a kai. Manomi ya ɗago daga sunkuye, ya dafe kwankwaso da hannu biyu, ya ja numfashi, sannan ya koma kan fartanyarsa mai gajeriyar ƙota. A gida kuma ga daka, ga jan guga, ga goyo. Makoda ƙaramar hukuma ce da ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 220,000, kuma galibinsu da baya suke cin abinci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, wato kusan ɗaya cikin 13 na mutanen duniya, ƙarin kashi 60 cikin 100 a kan na 1990. Ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 a 2050. Babu ciwon da ya fi shi kwantar da mutane ya raba su da aikinsu.

Alƙaluman Afirka sun fi ban sha'awa. Wani nazari na 2018 ya tattara bincike 65, kusan rabinsu daga Nijeriya, ya fitar da cewa kashi 39 cikin 100 na jin ciwon a ranar da aka tambaye su, kashi 57 sun ji shi a cikin shekarar, kashi 47 kuma sun taɓa jinsa a rayuwarsu. Mai karatu zai ce da sake: ta yaya na shekara guda zai fi na tsawon rayuwa? Ba kuskuren ɗab'i ba ne. Kowane adadi daga rukunin bincike daban ya fito, wannan a kan ma'aikata, wancan a kan ɗalibai, kuma tambayar ba iri ɗaya ba ce. Saboda haka kada wani ya ɗauki 39 ya ninka da yawan mutanen Makoda ya ce ga adadin masu ciwo. Abin da za a riƙe shi ne ciwon ya zama ruwan dare.

Adadin da na fi so a riƙe shi ne 90. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ƙugu ba a samun wata takamaiman cuta da za a nuna da yatsa. Hoton asibiti ma yakan ruɗa. Wani nazari na 2015 a kan mutanen da ba sa jin ciwon komai ya samu faifan guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin baya ya ɗan bultso a kashi 30 na 'yan shekara 20, da kashi 84 na 'yan shekara 80. Kamar furfura ce. Kafin a sayar da tunkiya don a je Kano ɗaukar hoto, a san da wannan.

To, ina batun kayirofiraktik, wato gyaran ƙashin baya da hannu, inda ake dannawa a murɗa har a ji ƙas? Wani Daniel David Palmer ya ƙirƙiro shi a 1895 a garin Davenport na Amurka, yana da'awar cewa gocewar gaɓoɓin baya ce tushen yawancin cututtuka. Kimiyya ba ta amince da wannan da'awar ba. Amma shi kansa danna bayan an gwada shi. A 2019 mujallar likitoci ta BMJ ta haɗa gwaji 47 da suka ƙunshi mutum 9,211 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Sakamakon bai wuce haka ba: sauƙin da ake samu daidai yake da na motsa jiki da sauran hanyoyin da likitoci ke bayarwa. Bai fi su ba. Illarsa galibi tsamin jiki ne na 'yan kwanaki. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi, tare da tausa, a jerin abin da za a iya gwadawa, ta kuma ce a bar ɗaure ƙugu da ɗamara da jan baya da na'ura.

A Nijeriya hukumar MRTB ce ke yi wa masu wannan aiki rajista, su da likitocin gashin ƙashi, amma 'yan kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. Mutumin Makoda abin da ke kusa da shi maɗori ne, da mai tausa, da wanzami da ƙahonsa. A ganina bai yi asarar wani abin mamaki ba. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne sanin wane baya ake taɓawa, wane ne ba a taɓawa.

Ciwon da ke tasowa daga ƙugu ya bi ɗuwawu ya sauka bayan cinya har tafin ƙafa, wanda likitoci ke kira sayatika, yawanci faifan nan ne ya danne jijiya, kuma akasari yakan lafa cikin makonni zuwa wata uku. Amma in ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari da bayan gida sun ƙi riƙuwa, ko tsakanin cinyoyi ya yi dindiris, ba a kwana. Haka in ciwon ya zo da rama da zazzaɓi da gumin dare, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma murɗa irin wannan bayan na iya gurgunta mutum. Wannan na Asibitin Ƙashi na Dala ne, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Saura adadi ɗaya, wanda ya fi kusa da gona. Waccan shawara ta 2023 ta ce kada a magance daɗaɗɗen ciwon ƙugu da magunguna dangin tiramadol. Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Nijeriya na shan irinsu ba da umarnin likita ba. NAFDAC ta amince da mai miligiram 50 da 100 ne kawai. Wanda ɗan ƙwadago ke haɗiya da asuba don ya gama kadada kafin azahar, sau da yawa 225 ke rubuce a jikinsa.