Itatuwan Ƙasar Zuru: Wa Zai Ja Gaba?

Duk wanda ya baro Birnin Kebbi ko Argungu ya nufo kudu, da ya shigo ƙasar Zuru zai ga bambanci. Ruwan sama ya fi yawa a nan, ga duwatsu, ga kaɗanya da ɗorawa da tsamiya tsaye cikin gonaki. Wannan ni'ima ce ta sa mutanenmu da yawa suke ɗauka cewa zancen gurgusowar hamada matsala ce ta mutanen bakin iyakar Nijar. Amma mai sayen itacen girki ko buhun gawayi a Rikoto ya san abin da aljihunsa yake gaya masa, kuma matan da suke fita tsintar ƙwarar kaɗe sun san tafiyar tana ƙara nisa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Jama'a sun ƙaru, gonaki sun faɗaɗa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023 komai ya yi tsada, gidaje da yawa da suke girki da kananzir ko gas suka koma ga gawayi. Har ila yau, hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Danko/Wasagu da Sakaba sun raba mutane da gonakinsu, da yawa suka yi gudun hijira zuwa garin Zuru, kuma kowace tukunya tana bukatar wuta. Shi kuwa gawayi ɓarnarsa ta fi yadda ake zato, domin a irin ƙunar gargajiya da ake binne itace da ƙasa, sai an ƙona itacen da ya ninka nauyin gawayin sau biyar ko fiye. Kaɗanyar da ake sarewa cikin yini ɗaya kan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara ba da 'ya'ya.

Abin da ya faru a Maradi

Tambayar ita ce, wa zai ja gaba? Kafin mu amsa, bari mu leƙa maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar. A farkon shekarun 1980 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana aiki da mishan ta SIM a Maradi. Aikinsa shi ne rarraba dashen itatuwa ga ƙauyuka, amma yawancin dashen mutuwa yake yi saboda rana da iska da awaki. A shekarar 1983 ya lura cewa 'yan ƙananan tsirrai da manoma suke sarewa kowace shekara lokacin sassabe, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne tun da daɗewa. Saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai ga laima.

Dabarar da ta fito daga nan, wadda manoman Nijar suke kira sassabin zamani, ba ta bukatar kuɗi. Manomi zai zaɓi kututturen da yake so a gonarsa, ya bar rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ya datse sauran da wuƙa ko lauje mai kaifi, sa'an nan ya rage ƙananan rassan da ke gefe. Abin da ya datse ya zama itacen girki, ganyen kuma abincin dabbobi. Da yake saiwar babba ce, itacen yakan yi saurin girma fiye da sabon dashe.

Da farko an yi wa masu yin haka dariya, ana cewa ragwaye ne da suka kasa share gona. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare manoma da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu kuwa suka ga iska ta rage binne shuka da yashi, ga itace a kusa, ga gawo yana zubar da ganye da damina yana ƙara wa ƙasa ƙarfi ba tare da ya yi wa gero inuwa ba. Gani ya kori ji, maƙwabta suka fara kwaikwayo. Bayan shekara ashirin, hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna cewa kimanin kadada miliyan 5 a kudancin Nijar sun sake samun itatuwa wajen miliyan 200. A shekarar 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Akwai wani abu a labarin nan da ya kamata shugabanni su riƙe. A da, dokar gandun daji ta Nijar ta mai da itatuwa mallakar gwamnati, har ana cin tarar manomi idan ya sare reshe a gonarsa. Saboda haka ba wanda yake son itace ya girma masa. Sai da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sa'an nan ya fara kula da shi.

Gwamnati da sarakuna

A nan Nijeriya ba a rasa tsare-tsare ba. Shugaba Olusegun Obasanjo na cikin waɗanda suka kawo shawarar kafa shingen itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, Tarayyar Afirka ta amince a 2007, kuma a 2015 aka kafa hukumar wannan aiki ta ƙasa, Kebbi tana cikin jihohi 11 da abin ya shafa. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Haƙƙin talaka ne ya tambayi kansilansa da shugaban ƙaramar hukuma abin da ya iso yankinsa daga irin waɗannan shirye-shirye. Kuma in an zo ba da rahoto, a faɗi itatuwa nawa ne suka rayu bayan rani biyu, domin ƙidayar ranar bikin dashe ba ta ba kowa inuwa.

Sarakuna ma suna da abin da gwamnati ba ta da shi, watau ana jin maganarsu a ƙauye. Kurmin Girmache da ke Zuru, da itatuwansa da kadojinsa, ya tsira ne domin al'umma ta yarda ba a taɓa shi. Idan hakimai da dagatai suka tsai da doka kan sare ɗanyar kaɗanya da ɗorawa, da ƙunar daji, suka kuma sasanta manoma da makiyaya kan sassaƙar ganye, za a ga canji. Bikin Uhola, wanda ake haɗawa da nunin amfanin gona, wuri ne da ya dace a riƙa karrama manomin da ya fi raya itatuwa.

Jami'a da 'yan kasuwa

A shekarar 2020 Kwalejin Aikin Gona ta Zuru ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya. Wannan babbar dama ce. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta yi suna ne saboda irin shukar da ta fitar ya kai hannun manoma. Haka jami'ar Zuru za ta iya buɗe gonakin gwaji a ƙauyukan da ke kewaye, ta auna wane itace ne yake zama lafiya da dawa da masara a ƙasarmu, ta koyar da ginin murhu mai cin itace kaɗan, ta kuma yi bayani da Hausa da C'lela yadda tsohuwa a ƙauye za ta fahimta.

'Yan kasuwa kuwa lissafi za su yi. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwarar kaɗe, kuma a watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyenta waje na wata shida domin a riƙa sarrafa ta a gida. Kaɗanyar da aka mayar gawayi sau ɗaya take kawo kuɗi, wadda aka bari kuwa takan ciyar da mutum har jikokinsa. Mai hali da ya kafa injin matse man kaɗe ko wurin sarrafa daddawa, yana sayen kaya daga ƙungiyoyin mata da farashi mai kyau, ya ba kowane manomi dalilin hana gatari shiga gonarsa. Su ma masu sana'ar gawayi ba abokan gaba ba ne, abinci suke nema. Abin da ya dace shi ne a haɗa su ƙungiya, a ware musu fili su raya itatuwa masu saurin girma.

Unguwa da gida

Cikin gari, matsalar ta fi fitowa a magudanun ruwa da ledoji suka toshe. Ƙasar Ruwanda ta hana ledar sayayya a 2008, kuma mutanenta suna fita aikin gayya Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, shi ya sa ake yabon tsabtar Kigali. Mutanen da suka gaji golmo, inda saurayi da abokansa suke noma wa surukai shekara da shekaru, ba sai an koya musu aikin gayya ba. Masu unguwa, da zumuntar mata, da ƙungiyoyin matasa na majami'u da masallatai za su iya raba kwatoci da filayen makarantu a tsakaninsu, kowa ya san nasa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma dole wani ya fara sunkuyawa. 'Yan'uwa, lokacin sassabe mai zuwa, kafin a sa wuta a gona, a zaga a duba kututturan da suke toho, a zaɓi goma a datse su yadda muka bayyana, a gaya wa yara da maƙwabta kada a taɓa su. Bayan damina uku, sai a kira mai shakka ya zo ya gani da idonsa.