Ƙoda da Hanyar Fitsari

Duk wanda ya taɓa ganin ƙodar rago a teburin mahauci ya san siffar tasa: kamar ƙwayar wake take, ja mai duhu. Biyu gare mu, kowace tsawonta kimanin santimita 11, suna kwance can bayan ciki, dama da hagun ƙashin baya, ƙarƙashin haƙarƙari. Ta dama ta ɗan fi yin ƙasa, domin hanta ta tokare ta daga sama.

Akan ce ƙoda matatar jini ce. Haka ne, sai dai tacewarta ba irin ta rariya ba ce. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya, waɗanda likitoci ke kira nefron. A yini da kwana sukan tsamo ruwa kamar lita 180 daga jini, wato jarka tara masu cin lita 20. Da duk wannan zai fita, da mutum bai kai azahar ba. Abin da ƙoda ke yi shi ne ta zubar da kusan komai tukuna, sannan ta bi baya tana tsincewa: ta mayar wa jini ruwa, da suga, da gishirin da yake bukata, ta bar dattin da hanta ta samar bayan sarrafa abinci irin su nama da wake. Ragowar, lita ɗaya zuwa biyu, shi ne fitsari.

Wannan tsincewa ba ta da ma'auni guda. Mai azumi a watan Afrilu yakan ga fitsarinsa ya ragu, ya yi duhu. Wani sinadari ne daga ƙasan ƙwaƙwalwa ya umarci ƙoda ta riƙe ruwa. Ban da wannan, ƙoda na da hannu wajen daidaita hawan jini, tana kuma aika wa ɓargo saƙo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Shi ya sa mai ciwon ƙoda ke yawan fama da ƙarancin jini.

Daga kowace ƙoda, siririn bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30 ke kai fitsari mafitsara. Ita jaka ce ta tsoka mai buɗewa, takan ɗauki kusan rabin lita, ko da yake tun kafin ta cika mutum ke jin matsuwa.

Bututun ƙarshe, wanda ke fitar da fitsari waje, ya bambanta: na mace bai wuce santimita 4 ba, na namiji kuwa yakan kai 20. Gajartar nan ce ke sa ƙwayoyin cuta saurin isa mafitsarar mace. Jini a ƙarshen fitsarin yaro mai yawan wanka a kududdufi ko madatsar ruwa kuwa, sau da yawa tsargiya ce: tsutsar ta shiga ta fata, ƙwayayenta ne ke yi wa bangon mafitsara rauni.