Farin dutsen Malbaza da lafiyarmu

Mu mutanen Dogarawa mun san farin dutsen da ake haƙa a Malbaza. Da shi ma'aikatar siminti take aiki tun shekarar 1966. Masana suna kiran abin da ke cikinsa kalsiyom kabonat. Shi ne kuma ke cikin ɓawon ƙwai da na katantanwa. Shekaru miliyoyi da suka wuce teku ya rufe ƙasar Adar, kuma ɓawon halittun ruwa ne ya taru ya zama wannan dutse.

Gane shi ba wuya. Mu matsa lemun tsami a kansa, za mu ga yana kumfa. Idan aka gasa shi da wuta mai tsanani, sai ya koma farar hoda mai ƙuna. Wadda ta shiga ido, a wanke ta nan take da ruwa mai yawa, a tafi asibiti.

Da kalsiyom jiki yake gina ƙashi da haƙori. Muna samun sa a nono, da ganyen kuka, da zogale, da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya. Mai ciki tana bukatarsa sosai. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba masu ciki ƙwayar kalsiyom a inda abinci ya gaza, domin tana rage haɗarin hawan jini da jijjiga. Sai dai kada a haɗiye ta lokaci ɗaya da ƙwayar ƙarin jini, saboda tana hana ta aiki sosai. A raba su da awoyi kaɗan.

Akwai wani kuskure da ya yaɗu. Farar ƙasar da mata suke saye a kasuwa suna ci, yawancinta yumɓu ce. Ba ta maye gurbin maganin. Tana iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, tana kawo taurin bayan gida, tana kuma ƙara ƙarancin jini. Mai jin kwaɗayinta ta faɗa wa ungozoma ranar awo, ba abin kunya ba ne.

Kaji ma suna bukata. Kazar da ke yin ƙwai mai taushin ɓawo ta rasa kalsiyom. Mu gasa ɓawon ƙwai, mu daka shi lukui, mu zuba mata cikin dusa.