Ku Kashe Mabuɗin GitHub da Kuka Bari a Kwamfutar Aro

Kira ne nake yi ga matasanmu na Talata Mafara, Bakura da Maradun da suka shiga harkar rubuta manhaja: ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, da na Jami'ar Jihar Zamfara da ke Mafara, da waɗanda suka samu gurbi a shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, har da mai koya wa kansa a waya cikin dare. Duk wanda ya taɓa buga gh auth login a kwamfutar da ba tasa ba, ko a wayar da ta bar hannunsa, ya ajiye abin da yake yi ya je ya kashe mabuɗin da GitHub ya ba na'urar nan yau, kada ya bari sai gobe.

Ba cewa nake a daina aiki da gh ba. Tun da kamfanin GitHub ya fitar da shi cikakke a watan Satumba na 2020, ya sauƙaƙa wa irinmu aiki ƙwarai. Inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kuma data ke tsada, jiran shafi ya buɗe wahala ce. Da gh kuwa, layi ɗaya a baƙin allo ya isa ka buɗe sabon rumbu (repository), ka jawo aikin abokinka, ko ka tura gyara. Har a wayar Android yana aiki ta cikin Termux. Sauƙin nan ne ya sa mutane da yawa ba su taɓa tsayawa sun tambayi abin da ke faruwa a lokacin shiga ba.

Idan ka shiga, GitHub na ba na'urar wani dogon jerin haruffa da lambobi da ke farawa da gho_. Shi ne mabuɗin, kuma a wurin GitHub duk mai riƙe da shi kai ne. Ba za a tambaye shi kalmar sirri ba. Lambar tabbatarwa ta biyu, wadda GitHub ya fara wajabtawa a watan Maris na 2023, ita ma ba za a nema ba. Zai karanta rumbunanka na sirri kaf, ya sauya abin da ke ciki, ya buɗe su ga duniya in ya ga dama. A kwamfutar da ke da ma'ajiyar sirri, can gh ke ɓoye mabuɗin. Inda babu, kamar a Termux, sai ya rubuta shi ƙuru-ƙuru a wani fayil mai suna hosts.yml. Ko ma ina yake, duk wanda ya zauna gaban na'urar ya buga gh auth token, zai fito masa a allo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake dogara da gh auth logout. Mutum ya gama aiki a shagon buga takardu, ya buga shi, ya tashi hankalinsa kwance. Alhali umarnin nan na'urar kawai yake sharewa, mabuɗin yana nan da ransa a wurin GitHub, kuma bayanin da kamfanin ya rubuta a kan umarnin ya faɗi haka ƙarara. Kamar ka ba wani mabuɗin shagonka ne ya zagaya ya yanko irinsa: karɓe naka da ka yi bai hana nasa buɗe kwaɗon ba. Wannan ma ga wanda ya tuna ya fita ke nan. Mu kuma mun san yadda muke rayuwa. Lokacin aikin kammala karatu, laftof ɗaya ke zagaya ɗalibai da yawa, wannan ya kwana da ita, gobe ta koma ɗakin wani. Waya na yini a wurin mai caji saboda babu wuta. Ta lalace, a kai wa mai gyara har da lambar buɗe ta. Kuɗi ya yanke, a sayar da kwamfuta ba tare da an wanke ta ba. Ban ce mai caji ko mai gyara ɓarawo ne ba, akasarinsu neman halak suke. Amma na'urar ta bi ta hannaye da yawa, kuma hannu ɗaya ya isa.

Akwai kuma ɓarawon da ba ya buƙatar taɓa na'urarka. Ranar 26 ga Agusta, 2025, wasu suka cusa muguwar manhaja cikin Nx, wani ƙunshi a kasuwar npm da ake saukewa sau miliyoyi a kowane mako. Wanda ya sauke shi a 'yan sa'o'in nan, manhajar da kanta ta buga masa gh auth token a ɓoye, ta kwashe abin da ta samu, ta buɗe rumbu a asusunsa mai suna s1ngularity-repository, ta zuba sirrinsa a ciki kowa na gani. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi amfani da mabuɗan da aka sata aka tona dubban rumbunan sirri. A tsakiyar Satumba sai ga wadda aka kira Shai-Hulud, mai yaɗa kanta da kanta daga wannan ƙunshi zuwa wancan, ta harbi ƙunshi sama da 500, har hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta fitar da gargaɗi. Ta sake dawowa a Nuwamba, ta shafi rumbuna sama da 25,000. Irin wannan cuta ba ta duba ko kana Legas, ko Landan, ko Maradun. Npm install ɗin da ake bugawa can shi ne muke bugawa nan.

Wani zai ce, "Ni me nake da shi da za a sata? Aikin makaranta ne kawai." To ka buɗe rumbun ka duba da kyau. Sau nawa ake barin mabuɗin sirri na Paystack ko Flutterwave a fayil ɗin .env a tura shi tare da aikin? Wanda ya rubuta wa mai POS manhajar lissafi, ko ya tsara wa ƙungiyar manoman shinkafa na Bakolori rajista, ko ya yi wa makarantar kuɗi tsarin biyan kuɗin zango, sau da yawa yakan gwada aikin da bayanan gaske: suna, ƙauye, lambar waya, NIN, da nawa kowa ya ajiye ko ya ranta. A wani gari, tonuwar irin wannan jeri abin kunya ne da asarar kwastoma, da kuma saɓa wa dokar kare bayanai ta 2023. A yankinmu kuwa, inda ake ɗaukar mutum don kuɗin fansa, inda kowa ya san ɓarnar da masu kai rahoto suka yi, takardar da ke nuna wane ne ya sayar da buhu nawa da kuma lambar wayarsa na iya jawo wa gida abin da ba ya gyaruwa. Mutanen nan amana suka ba ka, kuma yawancinsu ba su ma taɓa jin sunan GitHub ba.

Gyaran ba ya cin minti goma. Shiga shafin GitHub daga na'urarka, ka je Settings, ka shiga Applications, ka nemo GitHub CLI a ƙarƙashin Authorized OAuth Apps, ka danna Revoke. Duk mabuɗan da gh ya taɓa karɓa a kowace na'ura sun mutu nan take, sai ka sake shiga a taka kaɗai. Kada ka tashi sai ka leƙa SSH and GPG keys, domin lokacin shiga gh kan yi tayin ɗora mabuɗin SSH na kwamfutar, kuma da yawa kan amsa ba tare da sun karanta ba. Wanda ba ka gane ba, ka goge. Sannan ka bi jerin rumbunanka ɗaya bayan ɗaya: akwai wanda ba kai ka buɗe ba? Akwai na sirri da ya koma na kowa? Security log zai nuna maka abin da aka yi da sunanka.

Idan ka tarar da mabuɗin kuɗi a cikin rumbu, goge fayil ɗin bai wadatar ba, domin git ba ya mantuwa, yana nan a tarihin aikin. Ka je wurin kamfanin ka soke shi ka karɓi sabo. Bayanan mutane kuma a fitar da su daga rumbu gaba ɗaya, a yi gwaji da sunayen ƙarya. In kuma ka samu an goge maka rumbu, GitHub kan ba da damar dawo da shi cikin kwana 90, muddin ba ya cikin jerin waɗanda aka yi wa fork, don haka kada ka yi sanya.

Nan gaba, idan dole ta sa ka yi aiki a kwamfutar aro, ka yanko ƙaramin mabuɗi na rumbu ɗaya tak, ka sa masa wa'adin kwana ɗaya ko biyu. Ƙunshin da ba ka yarda da shi ba, ka haɗa da --ignore-scripts wajen sauke shi, don kada ya yi gaban kansa a na'urarka.

Malamanmu masu koyar da kwamfuta, don Allah ranar da kuka koya wa yara shiga, ku koya musu soke mabuɗi a darasi ɗaya, ku tsaya a kansu har kowa ya yi. Masu shagunan kwamfuta su ma su buɗe wa masu haya asusun baƙo dabam, su riƙa share shi kullum kafin su rufe shago.