Kalmar “Sannu” a Bakin Damagarawa

“Sannu” kalma ce da ke nufin yin abu cikin natsuwa, ba garaje, ba hayaniya. Daga nan ta zama gaisuwa, ta zama jaje, har ta zama ma'aunin girman mutum a ƙasar Damagaram. Idan an ninka ta aka ce “sannu-sannu”, ko aka ce “sannu a hankali”, to ana nufin a sassauta, a bi abu daki-daki.

A wajen gaisuwa, galibi wanda ke cikin wani aiki ko wata wahala ake yi wa ita. Duk wanda ya ratsa ta gaban baduku a Zinder yana ɗinkin fata zai ce masa “sannu da aiki”, shi kuwa ya amsa da “yawwa, sannu kadai” ba tare da ya ajiye basillarsa ba. Matafiyi ana ce masa “sannu da hanya”, wanda aka tarar a inuwa kuma “sannu da hutawa”. Majinyaci kuwa sannu tsurarta ake yi masa, a sassauta murya, a maimaita, sannan a bi ta da “Allah ya sawwaƙe”. Abin murna, kamar haihuwa ko Sallah, “barka” ce tasa. Yaro mai tarbiyya ba ya jefa wa dattijo sannu daga tsaye ya wuce. Sai ya tuɓe takalmi, ya rusuna, ya ce “Baba, ina kwana”, ya jira a tambaye shi mutanen gida.

Inda kalmar ta fi nauyi shi ne fadar Sarkin Damagaram da ke unguwar Birni a Zinder, cikin tsohon garin da Sarki Tanimun (1851–1884) ya kewaye da ganuwa. Sarki ba ya sauri, ba ya ɗaga murya. Talaka ya faɗi gaisuwa ya ce “ranka ya daɗe”, fadawa ne ke amsa masa. Ranar hawan Sallah abin ya fi fitowa fili: samari na sukuwa, ƙura na tashi, su zo su ja linzami su yi jinjina, amma dokin sarki takawa yake ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin laima, dogarai na kewaye da shi. A idon jama'a wannan takun ƙasaita ne, kuma babban da aka gani yana rawar ƙafa ya zubar da girmansa.

Matasa ma suna da tasu sannun. Majalisun hirarsu, waɗanda suka yaɗu a Nijar tun shekarun 1990, “fada” ake kiransu. A nan ƴar buta ke zaune a kan garwashin gawayi, mai dafawa na juya shayi daga buta zuwa kofi har kumfa ta tashi, a sha zagaye uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Mai gaggawa ba ya kaiwa na uku.

Sai dai Damagarawa ba sa haɗa sannu da nawa ko kasala. Damina a wannan yanki gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, don haka da ruwan shuka ya sauka manomi ke sammako da irin geronsa. Wanda ya yi jinkiri a ranar, rago ake kiransa.