Daga tuwon masara zuwa teba: Yadda 'yan ci-ranin Kano ta Kudu ke sabawa da cimar Kurmi

Da zarar an kammala girbin masara da shinkafa a Doguwa da Tudun Wada, dawa kuma ta shiga rumbu a Ƙiru da Bebeji, sai matasa su fara ɗaure kaya. Wasu Legas suke nufa, wasu Ibadan ko Fatakwal, su yi ci-rani har damina ta kawo kai.

Abin da ke fara tarbar baƙo a can shi ne kwanon abinci. Yawan ruwan saman Kurmi ya sa rogo da doya da agada da manja ne cimar yau da kullum. Wanda ya tashi da tuwo miyar kuka sai ya ga an ajiye masa teba ko amala.

Ana samun tuwo a unguwannin Hausawa irin su Agege da Idi-Araba a Legas, ko Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916. Sai dai mai dako ko mai tura baro ba kullum yake kusa da su ba. Garin rogo da ƙuli-ƙuli kan riƙe shi wuni guda, kuma duk nairar da ya tsimi ita ce kuɗin takin baɗi.

Da tafiya ta yi tafiya, sai baƙo ya gane abincin ɗan'uwan na gida ne. Ewedu da Yarabawa ke ci da amala lalo ne. Iru daddawar kalwa ce. Akara ƙosai ne, moimoi alale, ogi kuwa koko. Suna ne ya bambanta, sai yawan yaji da manja.

Ga kuma kayan marmari kusa da inda ake noma su: abarba, kwakwa, gwanda, da agwaluma wadda lokacinta ke dacewa da na ci-rani.

Abu biyu ne ke buƙatar hattara. Rogo mai ɗaci yana da guba, sai an jiƙa ko an tsima shi an gasa kafin a ci. Nama kuwa, a tambayi irinsa da wanda ya yanka.

Bayan wannan, Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma wanda ya daure ya ɗanɗana, zai tarar da rabin miyar gidansu a tukunyar maƙwabta.